Inda Ƙafa Ba Ta Kai Ƙasa

Tun yana ɗan tatsitsi nake cika wa Nazifi kunne
da labarin gurbin nan na bayan Riruwai.
A ɗakinmu na Kurna, in an ɗauke wuta,
zafi ya hana ido rufuwa,
sai in kwararo masa ruwan da baki:
faɗinsa ya fi filin ƙwallonku,
sanyinsa ya fi randar Inna.

Yau ga mu a hanya.
Mai babur ya sauke mu gindin ɗorawa, inda turba ta ƙare,
ya ce sai bayan la'asar.
Ɗantani, ɗan kawuna, yana gaba da gora,
silifas ɗinsa ɗaure da waya,
yana taka dutse kamar mai taka tabarma.
Ni kuwa tun hawan farko
takalmin birni ya fara cizon dunduniyata.

Mun ratsa dawa ta sunkuyar da kai,
mun wuce tsoffin ramukan kuza da ciyawa ta rufe wa baki.
Ɗantani ya ce, ku bi dama, kada a leƙa.
Ƙarangiya ta yi wa wandon yaro ado,
ɗinya ta rina masa harshe.
"Baba, saura nawa?"
"Bayan wancan dutsen."
Bayan wancan dutsen, wani dutsen ne.
Gwiwata tana ƙirga mini shekaru a bayyane.

Kunne ya riga ido isa.
Wani raɗa daga ƙasan kwazazzabo,
sannan ƙamshin jiƙaƙƙen dutse,
sannan iskar ta canza hannu.
Muka gangara da zama, muna riƙe saiwoyi.

Ga shi.
Ƙorama na zubowa ta tsagar fa, kaurin cinya,
tana faɗawa wani kwano mai duhun kore.
Taku goma sha biyar, in an yi masa kara.
Nazifi ya dubi ruwan, ya dube ni.
"Baba, shi ke nan?"
Ɗantani ya nuna tumbina da gorarsa,
ya ce ruwa dai yana nan yadda ka bar shi.

Suka tuɓe suka faɗa.
Ni na zauna gadin riguna,
waya a hannu, ba ko layi ɗaya na sabis.
Ɗantani ya tallafi cikin yaron da tafi guda,
yana ce masa buga ƙafa, daina shan ruwan mutane.
Mazari ya sauka kan takalmina, ya huta, ya tashi.

Can na hango ta a jikin fa,
tsagar da ni da Barau muke sa yatsun ƙafa mu hau mu diro.
Barau, shekara shida ke nan da rasuwarsa.
Gansakuka ta cika tsagar,
ba wanda ke hawa ta nan yanzu.

Ban san lokacin da na cire riga ba.
Sanyin ya kama ni a ƙwauri, ya hau ƙugu,
ya ƙwace mini salati daga baki.
Taku uku a kan tsakuwa, na huɗu babu komai.
Na nutse ina laluben ƙasa da babban yatsa,
na miƙe iya tsawona na ɗan shekara arba'in da bakwai,
ban same ta ba.
Na taso ina tari, ina dariya,
hannuwana suna yin abin da na zaci sun manta.

Muka shanya jiki a kan fa kamar wanki,
muka ci rogo da ƙuli, yatsu duk sun yi yaushi.
La'asar ta same mu a nan, alwala ba wahala.

A hanyar dawowa, ruwa na ƙara a kunnena na hagu,
Nazifi na gaba, yana bitar abin da zai faɗa wa su Tasi'u:
"Wallahi ya fi filin ƙwallonmu."
Ɗantani ya waiwayo ya dube ni.
Na sunkuya ina cire ƙaya daga wando.